Mutum Cikin Fatar Jaguwa

A cikin kurmin da ya miƙe daga ƙasar Meksiko har zuwa arewacin Ajantina akwai wata dabba da ake kira jaguwa. Wanda ya san damisa, in ya gan ta, zai ce damisa ce ta ƙoshi. Dangi ɗaya ne kuwa, sai dai jaguwa ta fi kauri, kanta ya fi faɗi, ƙafafunta gajeru ne, kuma a tsakiyar zoben zanen fatarta akwai ƙananan baƙaƙen ɗigo waɗanda damisa ba ta da su. In aka cire taiga ta Asiya da zaki, babu wadda ta kai ta girma cikin dangin kyanwa. Namiji a fadamun Pantanal na Burazil yakan wuce kilo 100. Zaki da damisa a maƙogwaro sukan shaƙe abin da suka kama. Ita jaguwa sau da yawa ƙoƙon kai take hudawa da haƙora. Tana fasa ɓawon kunkuru, tana faɗawa kogi ta ciro kada, tana hawan itace, tana gani cikin duhu. A dajinta babu mai farautarta sai ɗan Adam.

Shekara wajen dubu uku ke nan mutanen wannan yanki suna duban dabbar nan suna ganin abin da ya wuce nama da fata. Sarakuna sun ɗauki sunanta, mayaƙa sun yafa fatarta, bokaye sun ce sukan rikiɗa su zama ita. A zamanin nan kuma maganar ta tsallake teku. Littattafai da shafukan intanet suna gaya wa matasa cewa kowane mutum yana da “dabbar iko”, wato wani ruhu mai siffar dabba da yake tsaronsa yana ba shi ƙarfi, kuma jaguwa tana cikin waɗanda aka fi so a ce ita ce ta mutum. Saboda haka tambayar ta cancanci a zauna a kanta: me mutum yake nema sa'ad da ya ce ruhunsa jaguwa ne? Hanya mafi gaskiya ta samun amsa ita ce a je wurin waɗanda suka zauna da dabbar, a ga abin da suka yi da ita.

Mutanen Olmek, waɗanda suka yi ƙarfi a bakin tekun Meksiko daga wajen shekara ta 1200 zuwa ta 400 kafin haihuwar Almasihu, sun bar gumaka na koren dutse masu jikin jariri da baki mai kama da na jaguwa. A tsaunukan Peru, a haikalin Chavin, akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa da siffar mutum mai fiƙoƙi. Amma mutanen Maya ne suka bar rubutu, don haka a wurinsu aka fi jin maganar sarai. Da harshensu sunan dabbar balam. Sun gaskata cewa idan rana ta faɗi takan bi ta ƙarƙashin ƙasa, ta lahira, da siffar jaguwa, kafin ta sāke fitowa da asuba. A littafin Popol Vuh na Mayan Gwatamala, cikin mazaje huɗu na farko da aka halitta, uku suna da balam a cikin sunansu. A birnin Yaxchilan, sarkin da ya yi mulki daga 681 zuwa 742 ana fassara sunansa da Garkuwar Jaguwa, ɗansa kuma Tsuntsu-Jaguwa. Akwai wani sassaƙen dutse da ya nuna uwargidansa tana miƙa masa hular yaƙi mai siffar kan jaguwa, shi kuwa yana riƙe da wuƙa. A Chichen Itza, a cikin ɗakin da ke cikin babbar dala, an tarar da kursiyi mai siffar jaguwa, an shafe shi da jan launi, an yi masa ɗigo-ɗigo da koren dutse mai daraja.

Wani abu ya fito fili tun daga nan. Ba kowa ba ne yake da jaguwa. Har zuwa ƙarni na ashirin, masanan da suka zauna da Mayan Tzotzil a tsaunukan Chiapas sun tarar da imanin cewa kowane jariri ana haihuwarsa tare da wata dabba a daji, ransu ɗaya. In dabbar ta ji rauni, mutumin ya kwanta ciwo, in ta mutu, shi ma ya bi ta. To, amma masu iko da manyan bokaye su ne masu jaguwa. Talaka zomo ne rabonsa, ko wata 'yar dabba makamanciyarsa. Wato an ɗauki matsayin mutane a gari an kai shi daji, sa'an nan aka dawo da shi gida kamar daga sama ya sauko. Wanda aka gaya masa tun yana goye cewa shi zomo ne, maƙwabcinsa kuwa jaguwa, ba zai yi mamaki ba ranar da aka cinye gonarsa.

Labarin birnin Copan, a Honduras ta yau, ya isa abin tunani. A shekara ta 776 sarki na goma sha shida a gidan sarautar birnin, Yax Pasaj, ya kafa wani bagadi na dutse wanda aka zana shi da kakanninsa duka a kewaye. Kusa da bagadin aka binne manyan dabbobi dangin kyanwa kimanin goma sha shida, jaguwa da 'yar'uwarta da ake kira fuma, an yanka su hadaya. Binciken ƙasusuwan da aka buga a 2018 ya nuna cewa waɗansu a tsare aka yi kiwonsu, waɗansu kuma daga nesa aka kawo su, gama a lokacin an riga an sare dajin kwarin Copan. Sarkin da mulkinsa yake tangaɗi ne ya fi bukatar a ga jaguwa a ƙarƙashin wuƙarsa. Bai kuwa hana komai ba. Bagadin da aka fara sassaƙawa domin wani sabon sarki a shekara ta 822, har yau yana nan ba a gama shi ba.

A wurin Aztek, waɗanda babban birninsu Tenochtitlan yake inda birnin Meksiko yake yanzu, sunan dabbar ocelotl. Suna danganta ta da Tezcatlipoca, allahnsu na dare da sihiri da sauyin rabo, kuma a tatsuniyarsu ta halitta jaguwoyi ne suka cinye mutanen duniya ta farko. Suna da rundunar mayaƙan jaguwa da ta mayaƙan gaggafa, kuma hanyar shiga ita ce mutum ya kamo fursunoni da rai a fagen fama, domin a miƙa su hadaya. A wani biki na shekara-shekara akan ɗaure fursuna da igiya a bisa wani faffaɗan dutse, a ba shi kulki wanda aka manna wa gashin tsuntsu, sa'an nan mayaƙan jaguwa da na gaggafa su auka masa da kulake masu bakin baƙin dutse mai kaifin aska. A gidan tarihi na birnin Meksiko akwai wata babbar jaguwa ta dutse, tana kwance, da rami a gadon bayanta. Ramin nan wurin zuba zukatan mutane ne.

Amma maganar da ta fi tona asirin al'amarin ta fito ne daga bakin tekun Burazil. Wani Bajamushe mai harba igwa, Hans Staden, ya faɗa hannun mutanen Tupinamba a 1554, ya yi wata tara a tsare, da ya koma gida kuma ya buga labarinsa a 1557. Ya ce wata rana ya tarar da babban shugabansu, Cunhambebe, yana cin naman abokin gāba. Staden ya ce masa ko dabba marar hankali da wuya ta ci 'yar'uwarta, balle mutum. Shugaban ya amsa masa cewa shi jaguwa ne, ya ci gaba da cinsa. Waɗansu masana sun yi shakkar littafin Staden, suna ganin ya ƙara gishiri domin kasuwar Turai. Ko da haka ne, amsar nan ta nuna yadda dabarar take aiki. An tuhumi mutum da keta haddin 'yan Adam, shi kuwa bai musa ba, bai kuma kāre kansa ba; sai kawai ya fitar da kansa daga cikin 'yan Adam. In shi jaguwa ne, wanda ke hannunsa ya zama nama, kuma babu alƙalin da yake kiran jaguwa shari'a.

A nan ne bambancin yake. Jaguwa ba ta da laifi in ta kashe barewa. Ba ta yi alkawari ba balle ta karya, ba ta san sunan wadda ta kama ba, in ta ƙoshi kuma sai ta kwanta. Littafin Ayuba (sura 38) da Zabura 104 sun nuna Allah da kansa yana ciyar da zakoki, babu kuwa alamar zargi a kansu. Mutum ya san abin da yake yi. Ya san wanda ke gabansa yana da uwa, yana jin tsoro kamar yadda shi ma yake ji. Idan ya yafa fatar jaguwa, ƙarfin muƙamuƙinta ba ya shiga jikinsa, idonsa ba ya fara gani da dare. Abin da yake ara shi ne rashin alhakinta. Yana so ya yi abin da ya ga dama da cikakken sani irin na mutum, a kuma yi masa uzuri irin na dabba.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ba dukan wanda ya girmama jaguwa ba ne mai zub da jini. A wurin mutanen Tukano na Kolombiya, kalma ɗaya ce take nufin jaguwa da boka, kamar yadda masani Gerardo Reichel-Dolmatoff ya bayyana a littafinsa na 1975, kuma babban aikin bokan nan shi ne jinyar marasa lafiya da kuma tsawata wa mafarauta kada su kashe fiye da bukata. Mutanen Kayapo na Burazil suna da tatsuniya cewa jaguwa ce ta fara mallakar wuta, ta ɗauki wani yaro ta rene shi, mutane kuma suka saka mata da sace wutar, shi ya sa take cin ɗanye har yau. Mutanen da suke ba 'ya'yansu irin wannan labari sun san cewa ɗan Adam baƙo ne a daji, kuma ana binsa bashi. Akwai tawali'u a ciki wanda mai saran kurmi da injin ba shi da shi. Duk da haka, ko a can, ana tsoron bokan-jaguwa kamar yadda ake bukatarsa, gama an san wanda yake iya warkarwa da wannan iko yana iya kisa da shi, kuma babu wanda zai tambaye shi.

Mai karatu a Nijeriya ba zai ji maganar nan baƙuwa ƙwarai ba, don damisa ta yi irin wannan aiki a nan. Sarakunan Benin sun yi kiwon damisa a fāda, an kuma sassaƙa musu ita da tagulla da hauren giwa. Ƙungiyar Ekpe ta Kalaba sunan damisa take ɗauke da shi. Kirarin da Bahaushe ya yi mata, damisa ƙi sabo, yabo ne da gargaɗi a haɗe.

To, shin laifi ne mutum ya dubi dabba ya ɗauki darasi? Littafi Mai Tsarki bai ce haka ba. Karin Magana ta aiki rago wurin tururuwa ya koyi aiki. Ishaya ya kwatanta masu dogara ga Ubangiji da gaggafa. Yesu da kansa ya ba almajiransa misalin maciji da kurciya sa'ad da ya aike su. Yaron da ya ji labarin haƙurin jaguwa wajen fako ya ce zai yi haƙuri da karatunsa, bai yi zunubi ba. Misali ne, kuma misali yana barin mutum a matsayinsa na mutum, dabba a matsayinta na halitta, Allah a matsayinsa na Mahalicci. Abin da Manzo Bulus ya yi kashedi a kansa a Romawa sura ta fari shi ne a juya wannan tsari, a nemi tsaro da ja-gora da iko daga abin da aka halitta. Wanda ya rufe ido yana kiran ruhun dabba ta shigo ta bi da shi ya wuce koyon darasi. Addu'a yake yi, ko da bai kira ta da wannan suna ba.

Annabi Daniyel ya ga al'amarin ta fuskar mulki. A wahayinsa na sura 7, daulolin duniya sun fito daga teku da siffar namomin jeji, ta uku kuwa damisa ce mai fikafikai huɗu da kawuna huɗu. Sarakunan Maya da na Aztek da sun ji wannan, da sun ɗauka yabo ne. A wurin Daniyel hukunci ne: mulkin da ya mai da mutane abinci ya sauka daga matsayin mutum. Shi ya sa wanda aka ba madawwamin mulki a ƙarshen wahayin ya zo da kamannin ɗan mutum. Kafin wannan, a sura 4, Nebukadnezzar ya yi fāriya da Babila, sai aka kore shi daga cikin mutane, gashinsa da faratansa suka yi tsawo, yana cin ciyawa. Abin da Cunhambebe ya yi taƙama da shi, a wurin sarkin Babila horo ne, kuma warkewarsa ita ce dawowar hankalinsa. A Wahayin Yahaya sura 5 kuma an yi wa Yahaya shelar Zaki na kabilar Yahuza, amma da ya duba, Ɗan Rago ya gani, da alamar yanka a jikinsa. Nasarar Almasihu ta zo ta wurin ba da ransa, alhali nasarar mayaƙin jaguwa ana ƙirga ta da yawan waɗanda ya kamo.

Sai dai kada mai bi ya yi saurin taɓa ƙirji, gama tarihin wannan yanki bai bar Kirista da tsabtar hannu ba. Mutanen Sifen da suka ci Tenochtitlan a 1521 sun zo da gicciye a tutarsu, sun kuma zo da karnukan yaƙi. A 1513, a Panama, Vasco Núñez de Balboa ya saki karnuka suka yayyage mutane da rai. Karensa, wanda sunansa yake nufin ƙaramin zaki, har kaso ake ba shi daga ganima kamar soja. A 1562, a garin Mani, Diego de Landa ya ƙone littattafan Maya, aka kuma azabtar da mutane masu yawa da sunan kawar da tsafi. Waɗannan ba su yafa fatar kowace dabba ba, amma lissafinsu ɗaya ne da na wanda ya yafa: akwai masu ci, akwai waɗanda ake ci. Sun dai bi ta ɗaya ƙofar ne. Maimakon su ce su ba mutane ba ne, sai suka ce waɗanda ke ƙarƙashinsu ne ba cikakkun mutane ba. Daga cikin ikkilisiya ne kuma aka sami masu tsawatawa. A watan Disamba na 1511, a Santo Domingo, wani mai wa'azi, Antonio de Montesinos, ya hau mumbari ya tambayi masu mulki ko waɗannan da suke bautarwa ba mutane ba ne, ko ba su da rai mai hankali. Bartolomé de las Casas, wanda shi kansa ya taɓa riƙe bayi, ya ba da sauran ransa ga wannan tambaya, ya kuma buga labarin ta'asar a 1552. Mai gidan da yake ruri a kan matarsa da 'ya'yansa, da shugaban da yake taƙama cewa ba a haɗa ido da shi, ba sa bukatar sanin sunan jaguwa kafin tambayar Montesinos ta same su.

“Dabbar iko” ta zamani kuwa ba ta da tsawon tarihi. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Michael Harner, wanda ya zauna da mutanen Amazon, shi ne ya yaɗa kalmar a littafinsa na 1980. Ya tsinto abubuwa daga al'adu dabam-dabam ya haɗa su hanya guda wadda kowa zai iya koya a taron kwana biyu, da kiɗan ganga. A wurin Mayan Chiapas mutum ba ya zaɓen dabbarsa, kuma tana iya jawo masa mutuwa. A kasuwar yau an cire haɗarin, an bar daɗin: jaguwa tana nufin ƙarfin hali, da sanin gaibu, da cin nasara a kan tsoro. Abin lura, da wuya a ji wanda ya gano cewa dabbarsa zomo ce.

Ba daidai ba ne a yi wa matashin da ya faɗa cikin wannan ba'a. Yawanci tsoro ne yake kai shi. An raina shi a makaranta, ko ya gama karatu babu aiki, ko a gida ba a jin muryarsa, sai ya sami wani shafi da ya ce masa akwai mai fiƙoƙi a cikinsa. Iyayen da suka tarar da hoton jaguwa a wayar ɗansu ba su da dalilin firgita, wataƙila kyanta ne ya burge shi, tana kuwa da kyau. In har ya soma maganar ruhu mai bi da shi, tambayar da ta fi amfani ita ce wane ne ko mene ne yake tsoro. Wanda yake da uban da zai saurare shi da ikkilisiyar da ta san sunansa, bukatarsa ta aron haƙora takan ragu.

Ita dabbar fa? Sujadar da aka yi mata ba ta taɓa yi mata rana ba. Kowace fata da ke kan kursiyin sarki, daga jikin wadda aka kashe aka feɗe ta. A shekarun 1960 ana kashe dubban jaguwoyi kowace shekara domin rigunan ƙawa na Turai da Amurka, har sai da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973 ta hana cinikin fatar. A 1986 ƙasar Beliz ta keɓe mata dajin Cockscomb, wuri na farko a duniya da aka ware musamman dominta. Duk da haka ta riga ta rasa wajen rabin ƙasar da take yawo a dā, saboda gonaki da wuraren kiwon shanu. Daga wajen 2014 hukumomin Bolibiya sun yi ta kama fiƙoƙinta ana ƙoƙarin fitar da su zuwa ƙasar Sin. A garin Iquitos na Peru, inda baƙi suke zuwa neman wahayi wurin bokaye, masu bincike sun tarar ana sayar musu da haƙora da fatar jaguwa a matsayin laya. Mai neman ruhunta ne yake biyan kuɗin harsashin.

Burazil ta sa hotonta a takardar kuɗinta ta riyal 50. A watan Yuni na 2016, sa'ad da ake zagayawa da wutar wasannin Olamfik na Rio, an tsaya a birnin Manaus, a tsakiyar Amazon. Domin a ƙawata bikin, aka fito da wata jaguwa mai suna Juma daga gidan dabbobi na sojoji, da sarƙa a wuyanta, aka ɗauki hotuna tana kwance kusa da mai riƙe da wutar. Bayan an tashi ta kuɓuce. Aka harba mata alluran sa barci, ba su kwantar da ita ba, ta nufi wani soja, aka harbe ta da bindiga. Masu shirya wasannin sun nemi gafara, suka ce kuskure ne da aka haɗa wutar da dabbar daji a ɗaure.